Inda Aka Binne Maigandi

Ni dai ban kashe Alhaji Maigandi don ƙeta ba. Ina rubuta littafina na farko, labarin wani mai harhaɗa magunguna da ya daɗe a Madina, na rasa sunan da zan ba shi, sai na ari na maƙwabcina a unguwar Bani Harisa, nan Madina, wanda shi ma aikinsa ke nan. A babi na tara na mayar da mutumin gida Gusau, zazzaɓi ya kwantar da shi, na binne shi a can. Labarin ne ya buƙaci haka.

Da aka fassara littafin zuwa Larabci, mutanenmu suka yi masa irin karatun nan nasu: mutum ɗaya ya karanta, arba'in su ji daga bakinsa. Kafin mako ya zagayo mata sun fara zuwa yi wa matarsa, Hajiya Shafa'atu, ta'aziyya. Maigandi da kansa yake buɗe musu ƙofa, su gaishe shi, su wuce ciki su yi gaisuwar rashinsa. Wata daga unguwar Ƙiblatain har da tiren shinkafa, ta ce tunda ta riga ta dafa, a karɓa. Maigandi bai kawo mini ƙorafi ba, ni kuma na ɗauka magana ta wuce.

Sai aka gayyace ni bikin adabi a wani babban zaure a bayan gari. Aka ɗora ni a dandamali da baƙi uku: wata mawaƙiya daga Bosniya, wani marubucin labarai daga Indunusiya, da wani Baturke da littafinsa ya kai shafi ɗari bakwai amma ba abin da ya faru a ciki. Batun zaman shi ne ikon marubuci a kan mutanen da ya ƙirƙira. Mai gabatarwa Suhaila ce, jikar Hausawan da suka zo Hajji suka zauna, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Kaina ya kumbura, ban ɓoye ba. Na ce a cikin littafina ni ne alƙali, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Da aka zo tambayoyi, wani ya miƙe a layi na uku da littafina a hammata.

"Sunana Maigandi," ya ce. "Ni ne mamacin."

Suhaila ta mayar da Larabci, tafintoci suka zuba wa baƙi a kunne. Baturken nan ya hau tafi, a zatonsa shiri ne muka yi.

"Haba Alhaji," na ce, "ba kai ba ne. Suna ne ya zo ɗaya."

"Mai ciwon gwiwar hagu? Mai farar motar da ƙofar bayanta ba ta buɗuwa? Malam Rabo, ka ji tsoron Allah." Ya buɗe shafin da ya lanƙwasa. "Ban zo don ka kashe ni ba, kowa zai mutu. Amma Gusau? Shekara talatin da ɗaya ina zaune kusa da maƙabartar Baƙi'a, ina ganin ana shiga da masu rabo, kai kuma ka ɗauke ni ka kai ni Gusau? Ka dawo da ni."

Na ce ba zai yiwu ba. Littafin gaba ɗaya a kan komawa gida yake, in mutumin ya mutu a Madina babi takwas sun tashi a banza.

Nan baƙi suka shiga sulhu. Mutumin Indunusiya ya ce akwai gurbi a littafinsa na gaba, sai dai a jirgin kamun kifi labarin yake faruwa, kuma wanda ya mutu a teku ake sa shi. Maigandi ya ce gara Gusau. Mawaƙiyar Bosniya ta ce a waƙoƙinta ba a binne kowa, tsuntsaye suke zama. Ya ce ya gode, amma da wannan gwiwar ba ya jin zai iya tashi. Baturke ya ce ya dawo cikin nasa littafin, tunda ba abin da ke faruwa, ba zai taɓa mutuwa ba.

"A'uzubillahi," in ji Maigandi.

Wani daga baya ya ce a ɗaga hannu a ƙirga. Aka ɗaga. Har masu raba gahawa sun ajiye butocinsu sun zaɓi Baƙi'a. Raina ya ɓaci ƙwarai, na buga tebur na ce littafina ne, ba wanda ya taya ni zaman rubuta shi.

Suhaila ta kashe abin maganarta, ta juya wajen tsohon. Karon farko da na ji Hausa a bakinta.

"Ya ammi, baffa, takarda ce fa. Kai kana nan, Baƙi'a tana nan. Lesh, don me za ka damu?"

Maigandi ya rufe littafin.

"Sun yi mini ritaya, 'yata. Iƙamata, takardar izinin zamana, za ta ƙare ƙarshen Rajab, an riga an buga mini bizar fita ta ƙarshe. Ko Hajiya ban gaya wa ba tukuna. Jikin nan dai Gusau za shi, sai in Allah ya yi wani ikon. Shi ne na ce, ko a littafi ne, a bar ni a nan."

Suhaila ba ta fassara ba. Baƙin suka yi ta taɓa abin kunnensu, suna zaton lalacewa ya yi. Ni kuwa kunya ta rufe ni, katanga ɗaya ce tsakaninmu da mutumin nan amma ban san komai ba.

Kwafi sittin da huɗu aka jera mini a teburin sa hannu. Na ja kujera, na buɗe na farko a babi na tara, na ja layi a kan Gusau. Maigandi ya tsaya a kaina yana faɗa ina rubutawa a gefen shafi: Baƙi'a, ranar Juma'a, bayan an idar da salla, sahu har waje. Layin masu jiran sa hannu ya kai ƙofa, ba wanda ya yi ƙorafi.

"Shi ke nan, Alhaji?"

Ya sunkuya ya karanta rubutun a hankali.

"Saura ɗaya," ya ce. "Ka sa kana cikin masu ɗaukata."