Bel ɗin Barkono

Abin da ya fara tayar mini da hankali game da Baba ba gishirin da ya zuba a shayi ba ne. Wannan dariya muka yi, Mama ta ce dama shi komai sai ya yi masa gyara. Ba kuma ranar da ya kira 'yata da sunan 'yar Yaya ba, tunda jikoki sun yi yawa, ni kaina nakan haɗa su. Abin da ya sa gabana ya faɗi shi ne bel ɗin mota.

Baba makanike ne da ya ajiye aiki. Motocin gudu ya ƙware a kai, irin masu ƙofa biyun nan da suke kwance a ƙasa, waɗanda in sun wuce sai tagogi sun girgiza. Da ya sayar da garejinsa, mota guda ɗaya ya riƙe, ja ce jawur, muna kiranta Barkono. A rumfar gefen gida take kwana, kuma duk jikan da ya jingina da ita sai ya ji a kunnensa.

A gidanmu, kafin yaro ya iya ɗaura igiyar takalmi ya haddace huɗubar bel ɗin taimin. Bel ne na roba mai haƙora, yana ɓoye a bayan murfi a gaban inji, shi ke sa saman inji da ƙasansa su yi tafiya tare. In ya tsinke mota tana gudu, fistin ya daki bawul, inji ya tashi aiki nan take.

"Ba ya kuka, ba ya tari, ba ya sallama," haka Baba yake cewa. "Ba a jira ya nuna. Ko kilomita ta cika ko shekara huɗu ta cika, duk wanda ya riga zuwa, a cire shi. Mai taka wuta kuwa, kada ma ya jira su cika."

Mun sha jin wannan a kan abinci, mun sha ji a gaban baƙi. Mijina, wanda ko taya bai iya canzawa ba, ranar da ya fara zuwa gidanmu sai da ya sha nasa kason.

Canjin ƙarshe na tuna shi sarai, domin da cikin 'yata na tsaya na riƙe masa tocila. Yanzu yarinyar tana firamare, har gyara mini lissafi take yi. Wata Asabar na rufe shagon ɗinkina da wuri na biya gida, na tarar da shi a kujerarsa a bakin rumfa, na ce, "Baba, bel ɗin Barkono fa? Ai ya wuce lokaci."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Da sauran lokaci, Auta."

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ya taɓa korar mai mota daga garejinsa saboda ya furta wannan maganar, shi ne yau yake gaya mini da sauran lokaci. Daga nan na fara lura. Ya daina fita da motar, sai dai ya goge ta ya rufe. Ya daina karanta jarida. Maƙwabci ya ɗaga masa hannu daga tsallaken titi, ya wuce shi kamar bai taɓa ganinsa ba.

Mu kuwa mun san inda irin wannan hanya take kaiwa, domin mun gani a kan Baffa, yayan Baba. Shi ma da ƙananan mantuwa ya fara, ana dariya. Kafin ya rasu gigin tsufa ya cinye shi, 'ya'yan cikinsa suna durƙusawa su gaishe shi yana tambayar su wa suke nema. Duk sanda na tuna fuskar Baffa sai in kasa zura zare a allura. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, kada wata rana in shiga gida ubana ya tambaye ni ko ni 'yar waye.

Yaya, babban wanmu, ya kira ni a waya. Shi mutum ne mai son a yanke magana a wuce wurin.

"Auta, a karɓe makullin motar nan daga hannunsa, a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Kada mu zauna muna kallo kamar yadda aka yi wa Baffa."

"A karɓe? Kai za ka je ka karɓa?"

"Ke ce 'yar lelensa."

"To, 'yar lele ta ƙi. Kai da kake da ƙarfin hali daga nesa, zo ka miƙa masa hannu ka ce ya ba ka."

Na kashe wayar ina huci. Haushin da na ji rabinsa na Yaya ne, rabinsa kuwa don na san mai yiwuwa gaskiya ya faɗa.

Washegari da hantsi na koma gidan. Baba yana falo, Mama tana kicin. Ban yi shawara da kowa ba, na zare makullin daga ƙusar da yake rataye, na shiga rumfa na yaye wa Barkono mayafinta. Baba ne ya koya mini tuƙi, kuma a cikinta na koya, don haka ba baƙuwata ba ce. Na murza makulli ta kama, na taka totur har kwanukan rumfar suka amsa. Na leƙo ta taga na ɗaga murya.

"Mama, zan kai kayan mutane bayan gari! Babbar hanya zan bi, yanzu zan dawo!"

Ban rufe baki ba na ji ƙarar bokiti ya kife. Sai ga Baba ba takalmi, yana ɗingishi, hannu ɗaya yana laluben bango.

"Kashe! Kashe ta, Auta! Kin haukace ne?"

Na kashe. Ya dafa bonet yana haki.

"Babbar hanya? Da wannan bel ɗin? Tun kina da cikin 'yarki aka sa shi, ke kika riƙe tocila kina ta mitar ƙafarki ta kumbura! Ya wuce lokacinsa da shekara biyu. Ga mai yana tsiyaya daga robar sama yana jiƙa shi, roba kuwa ba ta shiri da mai. Ki ɗora ta a babbar hanya ki taka, ya tsinke, inji ya mutu a tsakiyar manyan motoci, in ce wa uwarki me?"

Yana ta faɗa, ni kuwa daɗi yana ratsa ni tun daga tafin ƙafa. Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Ya tuna ranar, ya tuna ƙafata, ya san inda mai yake zuba. Na fito daga motar.

"To Baba, tunda ka san duk wannan, me ya hana ka canza?"

Ya ce in ja abin buɗe bonet. Ya ɗauko sifana daga akwatin kayan aikinsa ba tare da ya duba ba, ya kwance murfin bel ɗin da laluben yatsu. Ya nuna mini wani faifai mai haƙora a saman inji.

"Me kike gani a bakinsa?"

"Wata 'yar tsaga."

"A jikin ƙarfen da ke bayansa fa?"

"Wata tsagar, ƙarama."

"To ni ba na ganin ko ɗaya. Hayaƙi kawai nake gani." Ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Sai tsagogin nan sun daidaita, sama da ƙasa, ake sa bel. Haƙori ɗaya ya kauce, injin ba zai ƙara zama daidai ba, in ya wuce haka kuwa na kashe shi da hannuna. Sabon bel yana cikin kabad. Sau nawa ina buɗe murfin nan ina mayarwa."

Na matsa kusa da shi, na juya fuskarsa wajen hasken rana. A tsakiyar baƙin idonsa, duka biyun, ga wani fari-fari kamar an ɗiga madara. Yanar ido ce. Irin wadda aka cire wa uwar mijina bara, da safe aka shiga da ita, da yamma tana gida tana faɗa da mai aiki.

Na fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, na zauna daɓas a kan tsohuwar taya.

"Baba, yana ce fa! Cire ta ake yi! Don Allah me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa ku karɓe mini makulli?"

"Yaranka na gareji fa? Ko ɗaya ba za ka kira ba?"

"Waɗanda na koya wa riƙe sifana? In kira su in ce ba na ganin alama, kafin la'asar duk masu gyaran mota sun ji." Ya karkata kai wajena. "Ke kuma kukan na mene ne? Ana ce miki ubanki ba ya gani kina murna."

Sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Kun zaci hanyar Baffanku na bi."

Na gyaɗa kai, sannan na tuna ba lallai ya gani ba, na ce, "Eh, Baba."

"Allah sarki," ya ce a hankali. Ya lalubo kaina ya dafa. Daga nan ya gyara murya. "To tashi. Ke da kike zura zare a allura tun safe har yamma, tsaga ba za ta gagare ki ba. Je ki ce uwarki ta ba ki tsohuwar riga."

Haka muka wuni a rumfar, shi hannu, ni ido. Yana juya injin da dogon sifana ina cewa ƙara kaɗan, ƙara kaɗan, tsaya. Na ciro allin ɗinki daga jakata na ja farin layi mai kauri a kan kowace tsaga, har shi ma ya ce yana ganin wani abu. Da tsohon bel ɗin ya fita ya lanƙwasa shi ya miƙo mini. Gindin haƙoran duk ya tsattsage, wasu sun kusa rabuwa da jikinsa, sai na tuna yadda na taka totur ɗazu. Muka canza robar da ke zubar da mai, muka canza famfon ruwa tunda an riga an buɗe wurin. Sau biyu na sa sabon bel ɗin yana cewa in cire, wai yatsansa bai yarda ba, har na ce masa in ya ƙara zan ajiye aiki in nemi wani ubangidan. Mama ta kawo mana ruwa, ta ji labarin yana, ta ce shi ya sa kwanan nan duk abin da ta sa sai ya ce ya yi kyau.

Da muka gama ya juya injin da hannu zagaye biyu, ya ce in duba. Layukan allin sun dawo daidai, sama da ƙasa. Ya ce in tayar. Ta kama da murzawa ɗaya. Ya rufe ido, ya ɗora tafin hannu a kan inji, ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "Ba laifi." A bakin Baba wannan babban yabo ne. Kafin in wanke hannu na sa ya yi mini alkawarin zuwa asibitin ido, a gaban Mama, don kada ya zille.

Na koma gefe na kira Yaya.

"Yaya, ido ne. Yana ce ta rufe masa ido. Ƙwaƙwalwarsa garau take, yau sai da ya wanke ni tas."

Na duba wayar ko ta katse. Can na ji numfashinsa yana sarƙewa.

"Auta, ban gaya wa kowa ba. Watan jiya na zo na same shi a ƙofar gida. Na tsaya a gabansa, kafin in yi magana ya dube ni ya ce, 'Wa ake nema?' Juyawa na yi na koma mota. Tun ranar ban iya komawa gidan ba."

Na je na kara wa Baba wayar a kunne. Yaya bai samu ya gama sallama ba.

"Kai, Dogo!" in ji Baba, da sunan da yake kiransa tun yana yaro. "Mura kake yi ne, ko kuka? Ƙato da kai! Kana ina wata guda ba ka leƙo ubanka ba?"