Netwok Ba Ya Sallar Azahar

Ni dai ba na son aikin dangi, na sha faɗa. In ka yi wa bare gyara ya ɓaci, zagi ɗaya zai yi maka ya tafi. In na gida ne kuwa, har a wurin suna sai an nuna ka da baki. Amma yaya zan yi da Hajja Gumsu? Ƙanwar mahaifina ce, ita ta goye ni, kuma shagonta na surfani a Fagge bai fi taku ɗari biyu da inda nake gyaran kwamfuta ba.

Ɗanta Abdulgani za a ɗaura wa aure ranar Asabar. Mijinta, marigayi Alhaji Kyari, tun yaron yana sakandare ya zana masa aikin babbar rigar angonci a kwamfuta, ya ajiye. Hajja ta ce wannan aikin za a ɗora a rigar, ba wani ba. An riga an yanka shadda, tela kuma ya ce in bai karɓi wuyan rigar da safiyar Juma'a ba, kada a neme shi. Duk makonnin duniya, sai a wannan makon tsohuwar kwamfutar Alhaji ta ga damar mutuwa murus.

Allah ya taimake ni na kwafe faifan ajiyarta gaba ɗaya kafin shi ma ya bi ta, komai da komai a dunƙule wuri guda. Hoton faifai muke ce wa irin wannan kwafin. Matsalar ita ce manhajar zanen tsohuwar yayi ce, ba ta buɗewa a sabuwar kwamfuta ko da wasa. Dabara ɗaya ta rage: in ɗora hoton a kan babbar na'urar Madam Ifunanya da ke Sabon Gari. Ita wannan na'ura ana yanka ta ɗaki-ɗaki kamar gidan haya, kowane ɗaki ya zama kwamfuta mai zaman kanta. In lodin hoton ya shiga, tsohuwar za ta farka a can kamar ba ta taɓa mutuwa ba, in ciro zanen in ba injin surfani.

Na ce wa Hajja in ɗauki faifan in kai can, aikin awa ɗaya ne. Ta yi mini wani kallo.

"Abin Alhaji ba zai fita daga shagon nan ba. Ka hau adaidaita da shi a yi karo fa? Ka yi a nan, a gabana."

To, babu yadda na iya. Ta intanet ɗin shagon, lodin awa biyar zai ci. Ranar Litinin da ƙarfe goma na jona laftof ɗina, na sa shi ya fara, na tafi harkokina. Da la'asar na dawo na tarar ya tsaya a kashi saba'in da uku, ko motsi ba ya yi. Na danna ya ci gaba, ya ƙi. Na danna a soke, ya ƙi. Na ce to in goge, shafin na'urar Madam ya ce wai faifan a kulle yake. Na tsine wa masu netwok, washegari na fara sabo. Talata ya tsaya a saba'in da ɗaya, Laraba a saba'in da biyar. Shagon kan sola yake balle in ce an ɗauke wuta, kuma kullum na dawo sai in tarar da komai a kunne.

Ranar Alhamis da sassafe na zo fara na huɗu, shafin ya ce babu wuri. Gawarwakin nan uku sun cinye ɗakin da aka ba ni kaf, sun ƙi ci gaba, sun ƙi fita. Hajja tana gefe tana shafa shaddar, ta ce, "Abdulrauf, ya shiga?" Na ce saura kaɗan. Ƙarya na yi, na fita na tari adaidaita.

Madam Ifunanya haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausarta ta fi tawa, kuma a wurinta na koyi rabin abin da na sani. Na same ta a ofishinta da ke saman wani shagon magani tana cin ƙosai.

"Malam Abdulrauf, kai ne mai jibge mini shara a na'ura? Tun jiya nake ganinsu. Mutum ya ga ƙofa ta ƙi buɗuwa sai ya yi ta gina sabbin ƙofofi?"

"Ranki ya daɗe, ki zage ni daga baya. Goge su kawai, aure ne a kaina."

"Kawai? Da kawai ɗin nan ake goge bayanan asibitin mutane." Ta goge hannunta, ta jawo kujera.

Haƙurina ya kusa ƙarewa ina kallonta. Sai da ta fara ajiye kwafin rumbun bayanan na'urar tukuna. Sannan ta sa ni na karanto mata dogayen lambobin faya-fayan nan uku ɗaya bayan ɗaya, tana gwadawa da na wurinta, don kada ta taɓa na wani. Ta duba ta tabbatar babu wanda har yanzu yake jan wani abu a ɓoye. Ta ce na'urar tana nan tana jiran ragowar kayan ne, ta riƙe musu ƙofa, ba wanda ya gaya mata mai kawowa ya gudu. Ta rufe lodin farko da hannu daga ciki, ta cire makullin, ta goge. Haka na biyu. Na uku ya ɗan yi gardama, sai da ta sake tayar da sashen da ke karɓar lodi, sannan ya saki. Nan take wurin ya dawo fili fetal.

Na miƙe zan ruga, ta ce, "Zauna. In ka koma haka, na huɗu za ka kawo mini." Ta nuna mini allon. "Dubi lokacin da kowanne ya yanke. Litinin, biyu saura minti goma. Talata, biyu saura kwata. Laraba, biyu saura minti takwas. Me ake yi a shagonku a wannan lokacin?"

"Netwok ne, Madam."

"Shekarata arba'in a garin nan, ban taɓa ganin netwok yana sallar azahar ba."

Sai a lokacin na tuna hannun Hajja. Tun ina ganinta, ba ta taɓa fita daga shago ba, ko nan da bakin titi ne, sai ta kai hannu bayan ƙofa ta sauke babban makunni. Da azahar ma'aikata su tafi masallaci, ita ta kashe komai, ta kulle, ta shiga gidan ƙawarta a bayan layi ta yi salla. Laftof yana da batir, bai ma san an yi ba. Akwatin intanet ne yake mutuwa, lodi ya yanke, ta dawo ta kunna, ni kuma in zo da la'asar in tarar da fitilu suna ta ƙyalli in hau zagin mutanen da ba su ji ba su gani ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya na sa lodin ya fara, na kafa kujera a gindin makunnin nan na zauna. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Kwana uku, fargaba, tsiyar Madam, duk saboda hannu ɗaya. Ana kiran salla ma'aikata suka fita, Hajja ta yafa mayafi ta nufo ƙofa, hannunta ya tafi inda ya saba. Na tare.

"Hajja, don Allah yau kam a'a. Ke ce fa kike kashe aikin nan kullum! Ke ce!"

Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Ta dube ni, ta dubi laftof ɗin, yana kashi hamsin da takwas. Na yi mata bayani, ta saurara har na gama. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

"Ranar da tsohon shagonmu ya ƙone," ta ce, "azahar muka tafi. Wuta muka bari a kunne, wai yanzu za mu dawo. Kai kana makaranta a Maiduguri, ba ka gani ba. Alhaji ya kutsa cikin hayaƙin, bai ɗauko shadda ko yadi ɗaya ba. Wannan kwamfutar ya rungumo ya fito, hannayensa duk sun saɓule."

Na san an yi gobara, na san tabon hannun Alhaji. Ban taɓa haɗa su da makunnin nan ba. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona.

Hajja ta cire mayafin, ta ɗauki buta ta yi alwala a bakin ƙofa, ta shimfiɗa darduma a tsakanin bandiran shadda. Ta ce in je in yi tawa sallar, ita tana nan, ba abin da zai kama. Da na dawo na same ta zaune a kan dardumar, carbi a hannu, idonta a kan lambar da ke hawa.

Saba'in da uku ya wuce. Saba'in da biyar ya wuce, na ce Alhamdulillahi a fili. Huɗu saura kaɗan ya cika ɗari, makullin ya sauka da kansa. Na kira Madam, ta ce, "Na gani. Ka gaida Hajja, ka ce ina jiran cincin ɗina." Na kunna ɗakin da aka ba ni. Allon ya yi baƙi, ya daɗe har na fara salati, sai ga tsohuwar kwamfutar Alhaji ta buɗe, kowane abu a inda ya bar shi. Zanen yana nan a tsakiya, ya rubuta masa suna da kansa: Abdulgani ango.

Na kwafe shi, muka ba injin, aka ɗaure shaddar. Allura ta fara sauka tak-tak-tak, farin zare a kan ruwan toka. Da askar farko ta zanen ta fito, da wata 'yar lanƙwasa a bakinta da ban taɓa gani a rigar kowa ba, Hajja ta sa yatsa ta bi ta a hankali.

"Hannunsa ne," ta ce. Hawaye suna zuba, tana dariya. Ni ma dai ba zan ce idona a bushe yake ba.

Aka kira la'asar injin yana tsakiyar aiki. Ta yafa mayafi ta nufi ƙofa, hannunta ya tafi bayan ƙofar da kansa. Ya taɓa makunnin, ya tsaya a kai. Can ta janye shi, ta juyo ta dube ni.

"Abdulrauf, ka zauna a nan har in dawo. Kada ka ɗauke ido daga rigar ƙanenka."