Gidan da Ba Ya Kallon Teku

Shekarar da Nozibele ta rasu, har Oktoba ta shigo ba wanda ya tayar da maganar hutun Disamba a gidan Nozuko. Da can kuwa tun sanyi bai gama tafiya ba ake fara gardama a kan gidan da za a kama a bakin teku, da wanda zai kawo tunkiya, da wanda zai ɗauko tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku. Mutanen garinsu Komani sau ɗaya suke ganin teku a shekara, a Disamba, wadda a ƙasarsu ita ce lokacin da zafi ke kankama, an rufe ma'aikatu, yara sun samu hutu. Gida suke kamawa su yi girkinsu da kansu. Girkin nan kuwa Nozuko da Nozibele ke yinsa, don 'yan biyu ne, tun suna 'yan mata ba a ganin ɗaya a bakin murhu ba tare da ɗayar ba.

'Yan biyu ba sa tunkarar teku kai tsaye kamar sauran mutane. In an isa, kafin a sauke kaya, su biyun za su cire takalmi su gangara, kowace da farin sulai a hannu. Sai su tsaya inda kumfa ke ƙarewa, su jefa, su faɗi sunayensu da na kakanninsu, su ce ga su sun zo. Sai an yi wannan yara ke samun izinin shiga ruwa. Haka suka yi tun da ƙuruciya har furfura ta cim musu.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, Lindelwa 'yar Nozuko ta zo. Aikin jinya take yi, kuma tun rasuwar nan take yi wa uwarta magana da muryar da take yi wa marasa lafiya. Ta ja kujera ta miƙa mata waya.

"Mama, zauna ki zaɓa. Bana ke ce mai zaɓe, ba wanda zai yi miki gardama."

Nozuko ta goge hannu ta zauna. Lindelwa na tura hotuna da yatsa. Ga gida cikin itatuwa, ga wani a kan tudu, ga wani kusa da ruwa mai zubowa daga kan dutse. Duk suna da kyau. Nozuko ta bari har aka zo na ƙarshe.

"Ina tekun?"

"Ai wannan ma ruwa ne, Mama. Dubi yadda yake zubowa."

"Ruwa na tambaye ki? Ruwa akwai a famfo."

Lindelwa ta kife wayar a cinyarta. "Kawu ne ya ce bana a canja wuri."

"Ashe. To, shi ya zaɓa ke nan. Ni an ba ni in zaɓi wane dutse."

Kawun nan shi ne Zwelakhe, yayan Nozuko, wanda ya gama aikin jirgin ƙasa ya zauna, kuma shi kaɗai ne babban namijin da ya rage musu. Nozuko ba ta da ƙarfin faɗa. Tun da aka binne 'yar'uwarta ko tashi daga kujera sai ta yi shawara da ƙafafunta. Amma ta san abu ɗaya, bakin teku take son zuwa, kuma ta ga an haɗa kai ba za a kai ta ba. Ta ce ba za ta zaɓi gida a cikin waya ba, sai ta gani da idonta. A zatonta za su ji ƙyuya su bar zancen. Ranar Asabar sai ga Lindelwa da mota a ƙofar gida, Kawu a gaba da hularsa da sandarsa.

Hanyar Hogsback, garin kan duwatsu da gidan yake, ta gajiyar da ita. Bayan garin Cathcart kwalta ta ƙare, mota ta riƙa tsalle a kan tsakuwa, ga lanƙwasa bayan lanƙwasa. Zwelakhe bai rufe baki ba tun da suka tashi.

"Ke dai ki ga iskar wurin. Mutum ya shaƙa sau ɗaya sai ya ji ya koma yaro. Ba yashi a cikin abinci, ba 'yan giya suna kiɗa a kanka."

"Yaya, ka taɓa zuwa ne?"

"An ba ni labari."

"Kai dai ka samu hanyar gudun ruwa. Shekara nawa muna zuwa teku, ban taɓa ganin idon sawunka ya jiƙe ba. Ka naɗe wando har gwiwa ka zauna a kan akwatin sanyi kamar mai gadin nama."

"To wa ke gadin naman in ba ni ba?"

Lindelwa ta yi dariya fiye da yadda maganar ta kai, tana leƙen uwarta ta madubi. Nozuko ta juya tana kallon gefen hanya.

Gidan yana ƙarshen wata siririyar hanya, da rufin ciyawa da baranda mai faɗi. Mai gidan wata tsohuwar Baturiya ce da takalmin roba da karnuka biyu, wadda ta tashi a gona tana jin yarensu. Ta gaishe su yadda ya kamata, ta ba Lindelwa makulli, ta ce su duba a tsanake, tana cikin lambu.

Ba ƙarya, wurin ya yi kyau. Daga barandar, ƙasa ta gangara cikin kwari, kurmi kore shar, bayansa duwatsu sun jeru har ido ya gaji, hazo na tafiya a tsakaninsu a hankali. Zwelakhe ya cire hula ya tsaya kamar shi ya gina su.

Nozuko ba ta tsaya ba, ta wuce kicin. Ta buɗe kabad ta ga tukwane ƙanana, waɗanda ko masarar yara ba za su ɗauka ba, balle masara da wake na gida guda. Ta murɗa famfo ta rufe. Ta tsaya a gaban murhu, ta buɗe gwiwoyin hannunta, ɗaya ta taɓa bango, ɗaya ta taɓa firij.

"Wannan kicin na mutum ɗaya ne," in ji ta.

"Ai, Mama," Lindelwa ta fara, sai ta haɗiye sauran.

"Faɗi mana. Ai ni ɗaya ce."

Ta fito ta zauna a kujerar baranda. Sanyi ya ratsa ta duk da lokacin zafi ne, ta ja mayafinta. Zwelakhe ya zauna a gefenta, ya jingine sandarsa.

"Yaya, ba na son kwana-kwana. Me ya sa ba za a kai ni teku ba?"

Ya daɗe yana juya hular a hannunsa. "Kin san dalili. Teku ku biyu ya san ku. In kin je ke kaɗai zai ga ba ku cika ba. Abin da bai cika ba kuwa, ba ya barinsa ya koma."

"Ranar jana'iza ba ni na fara shiga kabarin ba? Kai ka riƙe hannuna na sauka, na kwanta a inda za a kwantar da ita, kamar yadda aka ce ɗan biyu ya yi. Ƙasa ta riƙe ni?"

"Ƙasa tana da bakin da ake miƙa hannu a jawo mutum. Teku fa?"

"Ke kuma," Nozuko ta juya ga 'yarta, "mai aikin asibiti, da kika ce mana sulai ba ya hana igiyar ruwa komai, yau kin koma makarantar Kawunki?"

Lindelwa na tsaye ta jingina da ginshiƙi, makullin na hannunta. "Ni ban yarda teku na ƙirga mutane ba, Mama. Abin da na gani da idona shi ke damuna. Ran nan na zo na same ki zaune a tsakar gida, ruwan sama na dukanki, kin jiƙe sharkaf, ba ki ma sani ba. Abincin da nake kawo miki kare ke ci. Zoben hannunki ya fara zamewa." Muryarta ta daina zama ta asibiti. "Ni ba tekun nake tsoro ba."

Can ƙasa wani tsuntsu yana ta kuka iri ɗaya.

"Ba a gaya masa ba," in ji Nozuko.

"Wa?"

"Tekun. An gaya wa coci, an gaya wa dangi na birnin Kapa, an sanar a rediyo. An je garken shanu na gida, inda ake magana da magabata, an gaya wa kakanni. Shi ba wanda ya gaya masa. Duk shekara mu muke zuwa mu ce ga mu. Bana zai ga Disamba ta wuce shiru, kamar mun yi fushi da shi. Ba haka aka rene mu ba, Yaya. Wanda ya san mutum, ana gaya masa."

Zwelakhe ya sunkuyar da kai. Shi ma haka aka rene shi.

Lindelwa ta zo ta durƙusa a gaban uwarta, ta ɗora hannu a gwiwarta. "To, Mama, in don wannan ne, yau ɗin nan zan mayar wa matar nan makullinta. In kama gidan bara, mai kallon ruwa. Abu ɗaya kawai zan tambaye ki, kuma kar ki yi mini maganar manya. In kin gangara kin faɗa masa, za ki tsaya a inda kumfa ke ƙarewa? Za ki juyo?"

Nozuko ta buɗe baki za ta ce mata kar ta raina ta. Kalmar ta zo har kan harshe. Sai ta ga kanta a tsaye a kan jiƙaƙƙen yashi, ruwa yana janye ƙasa daga ƙarƙashin dugaduganta kamar yadda yake yi, kuma gefen hagunta, inda kafaɗar Nozibele ke tokare ta, babu kowa. Ta nemi abin da zai sa ta juyo. Ta ga fuskokin jikokinta, ta san tana sonsu. Amma ta gaji, gajiyar da barci ba ya taɓawa, kuma ruwan nan yana da faɗi.

Ita ba mai ƙarya ba ce, ba za ta fara da tsufa ba.

"Ban sani ba," in ji ta.

Lindelwa ta kifa goshinta a gwiwar uwar. Zwelakhe ya ɗauki sandarsa ya sake ajiyewa. Nozuko ta ɗora hannu a kan 'yarta, ta bar shi a nan. Hazon ya hau har ya rufe rabin kwarin.

"Tashi, kar ki ɓata mini siket," ta ce daga baya. "Je ki gaya wa matar mun kama gidan. Ki tambaye ta ko tana bari a hura wuta a waje."

Lindelwa ta tashi tana share ido da bayan hannu, ta bi hanyar lambu, karnukan suka taso suna rakiyarta.

"Kin kyauta, ƙanwata," in ji Zwelakhe.

"Ban gama ba. Tunda kai ka hana, kai za ka je."

"Ina?"

"Teku. Kafin Kirsimeti. Ka hau mota ka je, ka cire takalmi ka gangara. Ba daga kan titi za ka yi ihu ba."

"Ni? Ai ni ba ɗan biyu ba ne. Bai ma san ni ba."

"Ya san ka. Shekara da shekaru yana kallonka kana kallonsa."

Tsohon ya shafa gemunsa. Ya dubi duwatsun kamar za su cece shi, sannan ya sauke numfashi. "To me zan ce masa? Ni ban iya irin maganarku ba."

"Ba wata magana ba ce. Ka faɗi sunanka da na Baba. Ka ce Nozibele ta rasu cikin sanyi, ƙirji ne, ba ta daɗe tana jinya ba. Ka ce an binne ta a gida, an yi komai yadda ya kamata."

"Sai me?"

"Ka ce ɗayar tana nan. Ka ce ba fushi ta yi ba, gajiya ce. In ta samu ƙarfi za ta zo da ƙafarta."

Zwelakhe ya maimaita a hankali, yana motsa leɓe, ya yi kuskure a tsakiya, ta gyara masa. Ya sake faɗa daga farko har ya kai ƙarshe daidai. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya ba ta hannu, ta kama ta tashi, suka nufi mota suna tafiyar tsofaffi.