Tarkon Danƙo da Zumar Baba Eusebio

Ofelia Barragán ta ciro katin danƙo na tarkon ƙwari daga reshen lemo a gonarsu. Jiya rawaya ne fes. Yau ƙwarin nan masu kankare fatar lemo sun manne masa kamar an barbaɗa barkono. Fure ya fara zuba, 'ya'yan ba su wuce ƙwayar wake ba, kuma duk wanda ƙwaron ya taɓa da tabo zai girma, masu saye a garin Porterville ba za su dube shi ba.

Ƙanenta Rigoberto ya leƙo. "Yaya, yau sai feshi."

"Zumar Baba Eusebio fa? Akwatunan kiwon zumarsa na bakin shinge, feshin zai kashe masa ita."

"Ai ya ce zai kwashe. Mu zauna gadin zumarsa, gona ta lalace?"

Ta kira tsohon maƙwabcin nasu a waya. Yana asibiti a Fresno, an kwantar da matarsa. "'Yata, yi abin da ya kama," in ji shi. "Ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Kafin ta gama wayar, Rigoberto ya ɗaura tankin magani, ya tayar da tarakta. Ta sha gabansa.

"Matsa, Yaya."

"Sai dai ka bi ta kaina."

Ya taka mai, taraktar ta yi ruri, ita ko gezau. Can ya kashe, ya buga sitiyari. "To, sarauniyar tausayi, yaya za mu yi?"

"Mu kwashe su da kanmu."

Washegari da asuba, kafin zuma ta fito, suka toshe ƙofofin akwatunan da tsumma, suka shiga lodi a mota. A na ƙarshe ƙafar Ofelia ta zame, murfi ya goce, zuma ta taso fuu.

"Kada ka saki akwatin!" Ofelia ta yi wa Rigoberto ihu.

Sun harbe shi a wuya da kunne, yana zagi yana hawaye, amma bai saki ba sai da ta mayar da murfin. Suka kai akwatunan gindin dutse, nesa da gona, suka dawo ya yi feshin.

Jinkirin ya jawo asara. Lemon layukan gabas duk ya yi tabo, sai masu matse lemo aka kai wa. Sauran gonar ta tsira. Rigoberto bai yi wa yayarsa magana ba har Lahadi, da ta aiko masa da tukunyar posole mai zafi, wato romon masara da nama.