Sunan Ɗan Fari a Bakin Inno

Shekarar da aka raba kuɗin Udoji, lokacin da kowane ma'aikaci a Kazaure ya wayi gari da sabon keke ko rediyo, ita ce shekarar da Inno ta faɗi a gindin turmi a rugarsu ta bayan Gwiwa. Ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Ɗanta na fari, Haladu, direban ma'aikatar gona, shi ya ɗauko ta zuwa asibitin Kazaure.

To, kun san Bafulatanar wancan zamani da ɗan fari. Haladu ya haura arba'in bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Tun yaye aka kai shi wurin goggonsa a Roni. In ya je gaisuwa sai ta kau da kai ta ce wa ƙannensa, "Ku ba wancan fura." Kunya ce, kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma yana yaro abin ya sha ci masa rai.

Sai ga ikon Allah. Da bakin ya fara motsi, kalma ɗaya tak ta rage mata, ita ce Haladu. In ruwa take so, Haladu. Ƙuda ya dame ta, Haladu. Likita ma da ya shigo Haladun ya samu. Ƙannensa mata kamar ƙasa ta tsage su shige. Shi kuwa gogan naku ya zaga bayan ɗaki ya sha kukansa, na tausayi da na daɗi a haɗe.

Akwai wata nas, Sista Martina, mutuniyar Zonkwa da ta daɗe a garin, wadda ta yi kwas na koya wa manya magana bayan irin wannan ciwo. Kullum da safe ta zo da faifai, a kai ludayi, goro, allura, sabulu da tarkace irin na gida. Ta zauna gaban Inno suna ta motsa leɓe kamar masu gulma. Ran Litinin ake gwaji: abin da Inno ta kira da kanta, sai a mai da shi kan tabarma, sauran su zauna a faifai. Likita ya ce in damina ta faɗi faifan bai zama wayam ba, sai a tura ta asibitin Kano. Inno da ko kasuwar Babura ba ta taɓa zuwa ba, da ta ji Kano sai ta damƙe ƙarfen gado.

Haladu ya shiga uku. Yana so ta warke ta koma ga shanunta, wallahi yana so. Amma da an tashi aiki sai ya sheƙo asibiti ya zauna bakin gado, ya yi kamar bai ga kofin da take nunawa ba, don dai ta sake kira. Ludayi ya sauka tabarma, goro ya bi shi, sunan kuwa ya riƙa ƙaranci. Har ya rasa wanne zai roƙi Allah.

Litinin ta ƙarshe hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Inno ta kira kayan ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar, tana jan baki, har faifai ya zama wayam. Sai Sista ta nuna Haladu.

"Inna, wane ne wannan?"

Inno ta sunkuyar da kai. Haladu ya ɗauka an ɓata rawa da tsalle, Kano ta tabbata. Ya durƙusa.

"Inno, ki faɗa mana. Ai kin sani. Ki faɗa mu tafi gida."

Ta dube shi. Sannan ta sa hannun hagu ta jawo mayafi, ta juya fuska bango.

"Wancan?" in ji ta. "Mai mota ne."

Sista Martina ta yi murmushi tana tattara kayanta. "Wannan nake jira, Malam Haladu. Da can kalmar ce ke fita ba da izininta ba. Yanzu tana da ita, ta ga dama ta riƙe. Zan gaya wa likita ya sallame ku."

Ya yi godiya har da rusunawa, don murna ya yi ta gaske. Baƙin cikin kuma bai san wa zai gaya wa ba, kada a ce ya zautu.

Washegari ya kai ta gida. Inno ta ƙara shekara goma sha a duniya, tana magana har da faɗa, tana tatsa da hannu ɗaya. Bai sake jin sunan a bakinta ba, shi ma bai sake roƙo ba.