Shingen Hanyar Coci

"Kin sake kashe shi," in ji Cyril Beddoes daga kan kekensa na marasa lafiya. "Na huɗu ke nan yau, Maureen. Cewa na yi ki kwantar da shi, ban ce ki fille masa kai ba."

Na dubi itacen ƙayar da ke hannuna, ya rabu da gindinsa ɗungurungum. Haushi ya turnuƙe ni. Shekara talatin ina raba wasiƙu a ƙauyen nan, ba wanda ya taɓa yi mini faɗa sai wannan tsohon maƙwabcin nawa mai robar iska a hanci.

Majalisar ƙauye ce ta ce in ba a gyara tsohon shingen itatuwan ƙaya na hanyar coci kafin ƙarshen Fabrairu ba, za ta tuge shi ta kafa shingen waya. Daga Maris ba a taɓa shinge, tsuntsaye sun fara sheƙa. Mu bakwai ne 'yan sa kai, Cyril kaɗai ya iya aikin, shi kuma huhunsa ya ƙare. Duk Asabar matarsa Glenys ke turo shi.

"Ki sara har ya kusa rabuwa, sai ki tsaya," ya ce. "Bar masa ɓawo da ɗan nama. Ta nan yake shan ruwa."

"To taso ka yi mana, sarkin iyawa."

"Da zan iya, ke zan ba adda? Ke da ko burodi a karkace kike yanka shi."

Asabar ta gaba bai fito ba. Na shiga duba shi, ya aike ni in saro reshe ɗanye. A kan gadonsa, Glenys na mitar ana ɓata mata zanin gado, ya ɗora hannunsa a kan nawa muna lanƙwasa reshen a hankali. Hannun ba nauyi sam, abin ya tsorata ni.

"Kin ji wannan 'yar ƙarar? Nan ake tsayawa. Matsalarki ba kya saurare, tun muna yara."

"Kai kuma ba ka yin shiru."

"Shingen saura nawa?" ya ce.

"Taku arba'in."

"Ƙarya kike. Sittin ne, ina gani ta taga."

Ranar Talata da safe ya rasu, Glenys na dafa masa ƙwai. Na yi kuka sosai, har na ba kaina mamaki.

Ranar Juma'a aka binne shi, saura kwana uku wata ya ƙare. Muna fitowa daga maƙabarta za a tafi shan shayi, Glenys ta ja ta tsaya a bakin hanya.

"Shayi zai jira," ta ce. "Maureen, addarsa na bayan motata."

Nan take muka kama aikin shingen, mutum fiye da ashirin, da baƙaƙen kaya da takalman fita, masu jan ƙaya na ja, masu kafa turaku na kafawa. Sara kuwa ni kaɗai. Ina sara ina kasa kunne, da na ji 'yar ƙarar nan sai in tsaya. Ranar Lahadi da la'asar muka kai ƙofar coci.

Har tsakiyar Afrilu na ƙi bin hanyar, tsoro nake kada in tarar duk sun bushe. Glenys ce ta janyo ni dole. Muka fara daga inda aikina ya soma, tana riƙe da gwiwar hannuna. Itatuwan na kwance a jere yadda na bar su, kowanne da ƙananan ganye kore shar tun daga gindi har kai.