Zoben Kawucu a Haƙoran Furera

Furera ta yi famfara ne bayan an gama yankan hatsi, tana cikin shekararta ta bakwai. Haƙoran nono biyu na sama suka faɗi, aka yi ta yi wa yarinya tsiyar giɓi. Da sababbin suka leƙo, sai dariyar ta sake kama. Manya ne faffaɗa, kowane ya karkata ya ba ɗan'uwansa baya, tsakaninsu fili har kan ɗan yatsa yana shiga. Wushirya ado ce, kowa ya sani, amma wannan ta wuce wushirya.

"Uwale, ƙofar gari jikanyar taki ta buɗe a baki?" in ji matan bakin rijiya. "Raƙumi da kayanshi sai ya wuce!"

Uwale, kakar yarinyar ta wajen uba, ta rama da tata baƙar maganar, aka yi shewa. Zalika kuwa, uwar Furera, tana nan tana jan guga, ba ta ɗaga kai ba. Furera ɗiyarta ce ta fari. A ƙauyensu da ke kan hanyar Korahane, inda kakanni suka gangaro daga arewa da bisashe suka zauna noma, mace ba ta nuna ta damu da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta duba shi gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai dai wata ta ɗaga shi. Yarinya ta kakarta ce.

A kwanakin ne likita ya zo Dakoro yin lamba, wato rigakafin agana. Tun da Nasara suka kafa bariki a garin, yakan biyo kamiyo, babbar motar kaya, daga Maradi jefi-jefi, ya kafa tebur a rumfa ranar kasuwa, da la'asar ya koma. Zalika tana niƙa, idonta a kan dutse, ta ce wa surukarta a hankali:

"Inna, da an nuna mishi bakin 'yar nan."

"A nuna mi? Ciwo take? Haƙori na fitowa a kai shi gun likita, sai ka ce ƙurji?"

Agali, mijin Zalika, yana gefe yana tufkar igiya. Ya ce, "Ku bar su su gama fitowa. Gyaransu na hannuna."

Ba fankama yake ba. Daga Korahane har Mai Yara an san Agali da gyaran ƙahon maruƙa. In ƙahon maraƙi ya baje, sai ya ɗaure kawunan da ɗanyar fata, fata tana bushewa tana ja, har ƙahonin su rusuna su fuskanci juna. Mutum ne marar yawan magana, mai son abu ya tsaya daidai, kuma tsiyar da ake yi wa ɗiyarsa tana cinsa fiye da yadda yake nunawa.

Da sanyi ya fara ja da baya, wata ranar kasuwa ya dawo daga Dakoro da wani ɗan siririn bututun kawucu, wato roba, irin wanda mai gyaran keke ke sawa a bakin taya. In an ja shi ya miƙe, in an saki ya koma. Agali ya yi ta juya shi a hannu yana murmushi.

"Fata sai ta bushe take ja, baki kuwa bai bushewa. Wanga shi ke ja da kanshi."

Ya yanko ɗan zobe da aska, ya zaunar da Furera tsakanin gwiwoyinsa, ya buɗa zoben ya zura shi ya haɗa haƙoran biyu. Zalika tana kallo ta bayan zana. Yarinya ta ce yana matse ta, uban ya ba ta dabino ta yi shiru.

Washegari babu zobe a bakin.

"Ta haɗiye shi cikin barci," in ji Agali. "Ba komi, shi fita."

Amma kwana da kwanaki, duk sa'ad da yarinyar ta zaga bayan gari, sai Zalika ta bi sawu kamar mai neman itace, ta tona da kara. Ba ta ga komai ba.

Haƙora kuwa suka fara matsowa. Kafin wata ya ƙare sun haɗe tsaf, ko zare ba ya ratsa su. Matan rijiya suka koma yabo, wata har tana cewa za ta kawo nata ɗan. Agali yakan kira Furera gaban baƙi ya ce, "Yi dariya su gani."

Zalika ce ta fara ganin jini a bakin ludayin fura. Daga nan yarinya ta daina cizon ƙuli-ƙuli da gaba, sai ta tura shi gefe. Wata hantsi da gida ya yi shiru, Zalika ta ja ta bayan rumbu, ta waiga hagu da dama, ta ɗaga leɓenta na sama. Dasashin ya kumbura ya yi jawur, yana wari. Haƙoran sun ƙara tsawo, kamar ana turo su daga ciki. Ta taɓa ɗaya da yatsa, ya motsa. Ta taɓa ɗayan, shi ma haka.

Ta tuna jakin maƙwabcinsu da aka manta da dabaibayi a ƙafarsa, igiya ta ci fata ta nutse, nama ya rufe a kanta. Waɗannan ba haƙoran nono ba ne. In sun tafi, sun tafi ke nan.

Da Agali ya dawo daga kiwo ta ajiye masa ruwa, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Maigida, abin nan bai fita ba. Shina ciki."

"Ciki ina?"

"Cikin naman. Haƙoran na girgiɗi."

Ya dubi ƙwaryar ruwan. "Girgiɗi don sun sake wuri ne. Ko shuka in an dasa ta sai ta yi laushi. Gobe in na dawo kasuwa in sa wani zoben shi riƙe su."

"An ce likita na zuwa gobe."

"Kar wanda ya kai ta! Cire su za shi yi. Kuma shi rubuta ni, gardi su zo su kai ni gaban kwamanda a kan ɗiyata."

Da safe ya kora maruƙa biyu ya yi gaba. Zalika ta tsaya tsakar gida da ƙwaryar man shanu da za ta kai kasuwa. Ba ta da ikon kama hannun yarinyar ta fita da ita. Ta je ƙofar ɗakin Uwale.

"Inna, ki duba bakinta da kanki. In kin ga lafiya, ban ƙara magana."

Tsohuwa ta kira jikar tana mita, ta ɗaga leɓen. Mitar ta tsaya. Ta ɗauki mayafinta.

"Ni za ni kai ta. Ke ki bi baya da manki. Kuma ko da wasa kar sunan ɗana shi fito."

Sun iso Dakoro rana ta take. Rumfar likita tana bakin kasuwa, layi ya miƙe har gindin aduwa: masu ciwon ido, masu tari, wani da kurkunu a ƙafa. Kamiyon da zai koma Maradi yana tsaye ana ɗora masa buhuna. Zalika ta sami wuri a gefe cikin mata, ta ajiye ƙwarya, ba ta ma buɗe ta ba. Idonta yana kan buhunan. Duk wanda aka ɗora, layin kamar bai motsa ba.

Sai da inuwa ta karkata sannan aka zo kan Uwale. Likitan, Samba, dogon mutum ne baƙo daga yamma, Hausarsa ta Maradi ce da ya koya a bakin marasa lafiya. Gajiya ta kama shi, direba kuma ya riga ya danna oda sau ɗaya. Ya ɗaga leɓen Furera ya duba.

"Tsohuwa, mi ya same ta? Ta faɗi? An buge ta?"

"Ko ɗaya. Haka nan muka gani."

"An sa mata wani abu?"

Uwale ta gyara mayafi. "Sai dai ruwan bagaruwa."

"Ciwon dasashi ne. Ruwan gishiri safe da marece." Ya shafa wani shuɗin magani da auduga, ya ɗaga murya. "Mai bi!"

Uwale ta kama hannun yarinya ta juya. Zalika ta miƙe tsaye. Matan garinsu suna kewaye da ita, surukarta tana gabanta, kuma tun da ta haifi yarinyar nan ba ta taɓa buɗe baki a kanta cikin taro ba. Mai kurkunu ya riga ya ɗingiso gaban tebur.

"Likita!"

Muryar ta fita da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. Kowa ya waigo.

"Akwai kawucu cikin naman. Zobe ne aka sa mata, ya shige."

"Ke wace ce?"

"Ni na haife ta."

"La ilaha!" in ji wata tsohuwa. "Ɗiyar fari? Yau ido ya bushe." Uwale ta dube ta, duban da Zalika ta san za ta daɗe tana biyansa. Ba ta sunkuyar da kai ba.

Samba ya ce wa mai kurkunu ya dakata. Ya zaunar da Furera a kan akwati, ya dubi Zalika. "To, tun da ke kin haife ta, zo ki riƙe kanta."

Ta zo ta rungume kan a ƙirjinta. Ya wanke wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa da alkol, ruwan kashe cuta, ya zura shi tsakanin haƙori da dasashi. Furera ta ƙwalla ƙara, ƙafafunta suna dukan akwati. Ƙarfen ya yi ta lalube, jini yana bin haɓa. Direba ya sake danna oda. Can sai ƙarfen ya kamo wani abu baƙi, Samba ya ja shi kaɗan, ya sa almakashi ya datse, ya zaro shi ya ɗora a tafin hannu.

"Yaushe suka fito, haƙoran?"

"Bayan girbi," in ji Zalika.

"Bayan girbi ina nan wurin ga, ina lamba. Da kun kawo ta sa'an nan, dubawa kawai za ni yi in ce ku tahi gida. Haka suke fitowa a baje ga yara da yawa. In fiƙoƙi sun zo, su ke matso su." Ya girgiza kai, ya jawo kwanon ruwa zai wanke hannu. "To, Allah ya sa mun cim musu."

"Biyu ne."

Zalika ta ɗaga ido. Agali ne tsaye a bakin rumfa, igiyar maruƙa a hannunsa. Labari ya iske shi a kasuwar bisashe. Ba ta san tun yaushe yake tsaye ba. Bai dubi kowa ba sai ƙasa.

"Mi ka ce?" in ji Samba.

"Da na farko ya ɓace, na sa wani a daji, wurin kiwo. Ba wanda ya sani. Shi ma ya ɓace."

Samba ya ajiye kwanon, ya aika a ce wa direba ya jira ko ya tafi, duk ɗaya. Ya sake ɗaukar ƙarfen.

Wannan karon ya shiga da nisa. Furera ta gaji da kuka, sai shessheƙa, yatsunta sun nutse a damtsen uwarta. Zalika tana jin kowane motsi na ƙarfen a cikin nata ƙashin. Ta ƙura wa haƙoran biyu ido tana salati a zuci. Na hagu yana tsaye. Na dama yana rawa duk sa'ad da ƙarfe ya gifta.

"Ga shi can sama, wajen saiwa," in ji Samba. "Kar ta motsa."

Almakashi ya yi ƙas. Zoben ya fito, haƙorin dama ya biyo shi, dogo, fari, da saiwarsa, ya faɗo a kan zanen Zalika.

Samba ya danna auduga a gurbin, ya taɓa na hagun a hankali da yatsa, ya sake taɓawa.

"Wanga na iya kamawa. Kunu da nono kaɗai har damina, kar ta ciji komi da gaba. In na dawo ku kawo ta, ko tana ciwo ko ba ta yi." Ya dubi Agali, sannan ya juya. "Mai bi!"

Suka fito gindin aduwa. Uwale ta yi gaba ba ta jira kowa ba. Furera ta zare audugar kaɗan, ta laluba gurbin da harshe, ta ɗaga kai wajen ubanta.

"Baba, yaushe wani za shi fito?"

Agali ya kawar da kai. Ya shiga naɗe igiyar a hannunsa, yana warwarewa.

Zalika ta durƙusa ta mayar da audugar wurinta.

"Wanga bai sake fitowa," ta ce. "Cije a hankali. Kar harshenki shi taɓa ɗayan."